Sayen Waya Ga Matashi: Araha Ta Gaskiya Ba A Kan Kwali Take Ba

A duk lokacin da makarantu suka tafi hutun ƙarshen shekara, ko aka fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ko kuma Sallah ta ƙarato, akwai wata muhawara da kan ɓarke a gidaje masu yawa a ƙasar nan, tun daga Agege da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabo a Ibadan, har ya zuwa Mararraba da ke bakin Abuja. Yaro ko yarinya sun tasa, sun ga tsararrakinsu riƙe da babbar waya, wadda wasu ke kira komai-da-ruwanka, su ma suna son a saya musu. Magidanci kuwa yana duban aljihunsa, yana duban buhun shinkafar da ya kusa ƙarewa. Bayan an kai ruwa rana an yanke shawarar saye, akasarin iyaye kan shiga kasuwa ne da tambaya ɗaya tak a bakinsu: wacce ce ta fi araha?

Ko shakka babu tambayar tana kan hanya a wannan zamani na matsin tattalin arziki, sai dai ba ta cika ba. Farashin da ke rubuce a kan kwali wani kashi ne kawai na abin da waya za ta ci, kuma sau da yawa ba shi ne kashi mafi tsoka ba. Tabarma ce ake saye a shimfiɗa a manta da ita. Waya kuwa ta fi kama da akuya ko babur, wanda ranar sayensa ita ce ranar fara ciyar da shi. Saboda haka araha ta gaskiya ana auna ta ne da jimillar kuɗin da za a kashe tun daga ranar saye har ranar da wayar za ta daina amfani, a raba da yawan watannin da ta yi tana aiki. Magidancin da bai yi wannan lissafi a gida ba, kasuwa ce za ta yi masa shi, kuma ba da sauƙi ba.

Kafin a shiga lissafin, ya dace a fahimci dalilin da ya sa wayar da aka sani da araha ta daina zama mai araha. Lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a watan Agusta na 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuɗin layi shi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata, kuma minti ɗaya na kira naira 50 ne. Shigowar Globacom a 2003 da tsarin biyan kira daƙiƙa-daƙiƙa, da gasar da ta biyo baya, su suka karya farashin layi da na kira. Daga baya kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da itel da Infinix, ya karya farashin ita kanta wayar, ta hanyar ƙera mai layi biyu da batir mai daɗewa domin masu ƙaramin ƙarfi, har ta kai ga kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar Afirka nasa ne. Da haka waya ta fita daga hannun manyan 'yan kasuwa ta shiga hannun kowa.

Sai dai kusan kowace waya da ke kan kanta a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, daga ƙasashen waje aka shigo da ita, kuma da dala aka biya kuɗinta. Don haka farashinta yana bin darajar naira ne sau da ƙafa. Gab da watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi ya bar naira ta nemi matsayinta, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da kimanin naira 750 a kasuwar bayan fage, inda 'yan kasuwa da yawa ke samun ta. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ma'anar wannan ita ce wayar dala 100, wadda ɗan kasuwa ke sauke ta a kan naira 75,000, ta koma naira 150,000 cikin ƙasa da shekara guda, ba tare da an ƙara mata ko maɓalli ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, wato irin wannan waya ta haura albashin wata biyu cur. Naira ta ɗan farfaɗo daga baya, amma ba ta koma ko kusa da inda ta fito ba. Abin da ke cin albashin wata biyu kuwa ya cancanci a yi masa irin tunanin da ake yi wa sayen keken ɗinki ko injin markaɗe.

Mataki na farko shi ne a tambayi amfani kafin a tambayi farashi: me yaron zai yi da wayar? Idan abin da ake buƙata shi ne a riƙa samunsa in ya tafi makaranta ko Islamiyya ko aike, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar, ga ta da riƙe caji kwana da kwanaki, ga shi ɓarawo bai cika ɗaga ido ya dube ta ba. Yaro ɗan shekara 13 ko 14 da ke ƙaramar sakandare, da wuya a nuna wani aikin karatu da ba zai iya yi a wayar mahaifiyarsa ko ta mahaifinsa cikin sa'a guda da yamma ba. Makarantun kwana da yawa ma sun haramta wa ɗalibai riƙe waya, kuma sayen babbar waya ga wanda zai bar ta a akwati wata tara cikin shekara tamkar ajiye ƙanƙara ce a rana, domin darajarta na raguwa ko ana amfani da ita ko ba a yi.

Wasu iyaye kan ce jarrabawar shiga jami'a ce ta tilasta musu. Gaskiya ne tun daga 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Amma lambar da ɗalibi ke buƙata don fara rajista ta gajeren saƙo ake neman ta, a tura zuwa 55019 ko 66019, abin da kowace ƙaramar waya ke iya yi. Abin da hukumar ta fi nanatawa shi ne ɗalibi ya kasance da layi guda da ba zai ɓata ko ya sauya ba, domin da shi ake ɗaure bayanansa har ya samu gurbin karatu. A zauren jarrabawar kuwa an haramta shiga da waya kowace iri ce.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce babu matashin da ke buƙatar babbar waya. Ɗalibin da ya shiga ajin ƙarshe na babbar sakandare yana iya gwada tambayoyin shekarun baya a manhajojin da ke aiki ko babu intanet, ya saba da amsa tambaya a kan allo kafin ranar jarrabawa, ya kuma kalli darussan lissafi da kimiyya da ba lallai ne a samu mai koyar da su a makarantarsa ba. Yarinyar da ke koyon ɗinki tana nuna wa masu kawo aiki samfurin ɗinkuna ta WhatsApp, yaron da ke tsaron shagon ubangidansa a Mile 12 yana karɓar kuɗin ciniki ta banki yana tabbatar da shigarsu. Ga irin waɗannan, waya jari ce, kuma hana su ita tsimi ne mai jawo asara. Bambancin shi ne a nan an san aikin da aka sayi wayar dominsa, don haka an san irin wadda za a nema.

Idan an tabbatar da buƙatar, sai a zo kan lissafi. A ɗauki misali da wayoyi biyu. Ta farko naira 80,000 ce, mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ƙaramar ma'ajiya, wadda bayan shekara ɗaya da rabi za ta cika ta fara sanƙarewa, har yaro ya kasa aiki da ita. Ta biyu naira 130,000, wadda za ta iya kai shekara uku tana aiki. A ranar saye, ta farko ta fi sauƙi da naira 50,000. Amma in aka raba 80,000 gida 18, kowane wata ya ci naira 4,400 da 'yan kai. In kuwa aka raba 130,000 gida 36, kowane wata naira 3,600 ne da 'yan kai. Wanda ya sayi ta farko sai ya sake komawa kasuwa kafin shekara ukun su cika, ya kashe jimillar naira 160,000, in ma farashi ya tsaya inda yake, abin da ba a saba gani ba a ƙasar nan. Masana tattalin arziki na kiran wannan faɗuwar darajar kaya, Bahaushe kuma ya riga ya taƙaita shi da cewa araha ba ta ado.

Wannan ba ya nufin duk abin da ya fi tsada ya fi riba, domin lissafin yana juyawa in aka haura wani mataki. Wayar naira 400,000 a hannun ɗan shekara 16 ba za ta ninka ta naira 130,000 sau uku a tsawon rai ba. Yadda waccan ke faɗuwa a kan siminti haka ita ma take faɗuwa, gilashinta ya fi tsada in ya fashe, kuma a garuruwan da ƙwacen waya ya zama ruwan dare, riƙe ta a titi na jefa rayuwar yaron cikin haɗarin da ya fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba. Abin nema shi ne tsaka-tsaki: wadda ta wuce matakin da ke mutuwa da wuri, ba ta kuma kai matakin da ake biyan kuɗin suna da ado ba.

Bayan kuɗin saye sai kuɗin ciyarwa, kuma babba a cikinsu shi ne data. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan da su kamfanonin suka nemi ninki. Idan matashi na shan data ta naira 4,000 a wata, a shekara uku ya sha naira 144,000, wato fiye da kuɗin waccan waya ta biyu da aka yi misali da ita. Bidiyo ne ke cinye mafi yawanta: sa'a guda ta kallo na iya lashe ɗaruruwan megabayit, ko ma gigabayit guda in an ɗaga ingancin hoto, alhali littafin karatu sukutum bai cika wuce 'yan megabayit kaɗan ba. Sayen data ta ɗari biyu yau, ta ɗari biyar gobe, shi ke hana magidanci sanin nawa yake kashewa. Ya fi dacewa a yanke adadi guda na wata tun ranar da aka miƙa wayar, a kuma fahimtar da yaro cewa in ta ƙare sai wata ya kama.

Sai batun caji da gyara. A unguwannin da wutar lantarki ke leƙowa jefi-jefi, wayar da ba ta kwana da caji tana nufin biyan mai cajin waya da janareta kusan kullum, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin irin wannan caji ya bi sahun sauran kayayyaki. Don haka batir mai ƙarfin mAh 5,000, wanda ya zama gama-gari ko a ƙananan wayoyi, ya fi kyamara mai ƙyalƙyali amfani ga aljihu. A wajen gyara kuwa, gilashin fuska shi ne ya fi lalacewa a hannun yara, kuma garantin kamfani, wanda galibi na shekara guda ne, ba ya ɗaukar fashewar gilashi ko shigar ruwa. Mai hikima kan tsallaka wajen masu gyara ya tambayi kuɗin gilashin wayar da yake shirin saye kafin ya biya, ya kuma tabbatar ana samun kayan gyaranta a garinsu. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wayoyin Transsion suka karɓu shi ne cibiyoyin gyaransa na Carlcare da yalwar kayan gyara a kasuwa. Wayar da ba a san ta ba, komai sauƙinta, ranar da ta lalace ita ce ranar mutuwarta. Riga da gilashin kariya kuwa su ne inshora mafi sauƙi da za a saya tun ranar farko.

Dangane da abin da ke cikin wayar, abubuwa kaɗan ne ke tantance tsawon ranta. Na ɗaya ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM: gigabayit 4 shi ne mafi ƙarancin abin da zai ɗauki manhajojin yau ba tare da sanƙarewa ba, kodayake akwai wayoyi masu 2 ko 3 da ke tafiya da sassauƙan tsarin Android Go don ƙananan ayyuka. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Kwalaye da yawa na ɗauke da lamba 8 da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an rubuta 4+4 da ƙanana. Huɗun farko ita ce ta gaskiya. Ta biyun aro ce daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ta da saurin ta asali. Wanda ya biya kuɗin takwas a nan ya yi wa rogo kallon kitse. Na biyu ma'ajiya: gigabayit 64 shi ne ƙasa, 128 ya fi kwanciyar hankali, musamman da yake tsarin wayar kansa na cinye wani kashi tun kafin a sa mata komai. Na uku ta kasance tana kama 4G. Biyan ƙarin kuɗi domin 5G, wadda MTN ya fara a 2022 kuma har yanzu ta fi ƙarfi a manyan birane, bai da wata fa'ida ga ɗalibi.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne shekarun tsarin da ke tafiyar da wayar. Manhajoji na daina aiki a kan tsofaffin tsare-tsare ko da jikin wayar garau yake. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba, kuma a tsakiyar 2025 ya bar iPhone 6 da 6 Plus a baya. Manhajojin bankuna ma haka suke yi. Kamfanoni sun bambanta wajen tsawon lokacin da suke ci gaba da sabunta wayoyinsu. Samsung, alal misali, ya yi alkawarin shekara shida ga Galaxy A16 da ya fitar a ƙarshen 2024, yayin da wasu ƙananan wayoyi ba su cika samun fiye da shekara ɗaya ko biyu ba. Mai saye na da haƙƙin tambayar shekarar da aka fitar da waya, domin sabuwa a kwali na iya kasancewa tsohuwar ajiya.

Wannan ya kawo batun wayoyin hannu, waɗanda ake kira tokumbo. Matasa da yawa sun gwammace tsohuwar iPhone da sabuwar waya mai sauƙin suna, saboda alamar da ke bayanta. Akwai na hannu masu kyau, kuma wanda ya san kan waya na iya samun rabonsa a cikinsu. Amma batirin waya na fara rauni bayan an cika shi an sauke sau ɗari biyar ko makamancin haka, don haka wayar da ta yi shekara uku a hannun wani ta riga ta ci rabin ranta. Wasu an sauya musu gilashi da na jabu, wasu kuma a kulle suke da asusun mai su na farko, ba za su buɗu ba sai da lambar sirrinsa. Mafi muni shi ne wayar sata, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, Kudu da Arewa, kuma in jami'an tsaro suka bi sawun waya, wanda suka same ta a hannunsa shi ne zai fara amsa tambaya. Kowace waya na da lambar shaida mai alƙaluma 15, wato IMEI, da ke fitowa in an danna *#06#. Wajibi ne a gwada ta da wadda ke kan kwali, a kuma sa mai shago ya rubuta ta a kan rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da adireshi. Sayen waya a bakin titi daga hannun wanda ba shi da shago cinikin biri a sama ne.

Haka zalika, ya kamata a yi hattara da tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya yaɗu a shagunan waya, inda ake ba da kafin alƙalami a ɗauki waya, a riƙa biyan saura mako-mako ko wata-wata, kuma in an yi jinkiri kamfani ya kulle ta daga nesa. Tsarin ya taimaki wasu masu sana'a da wayar ke biyan kuɗin kanta. Amma a sake ɗaukar misali: waya ce ta naira 120,000 kuɗi hannu, an ba da 36,000, saura 84,000, za a biya 19,000 sau shida. Jimillar abin da aka biya ya zama naira 150,000. Ƙarin 30,000 a kan bashin 84,000 ya kusa kashi 36 cikin ɗari a wata shida kacal, wato sama da kashi 70 a shekara, alhali kuɗin ruwan da Babban Banki ya ƙayyade, ko a lokacin da ya kai ƙololuwa a watan Nuwamba na 2024, kashi 27.5 ne. Tambayar da ta kamata a yi wa mai shago ita ce jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, domin adadin wata-wata shi kaɗai yana ruɗar ido. Wayar ɗalibi ba ta shigo da ko kwabo, don haka bashinta daga kuɗin cefane zai fita. Adashen wata shida, ko asusun da shi yaron zai riƙa jefa nasa ɗan abin da ya samu, ya fi wannan sauƙi, kuma yaron da guminsa ya shiga cikin kuɗin waya ya fi tattalinta.

Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa a rasiɗi. Ƙa'idar Hukumar NCC ta sanya shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun wanda zai yi rajistar layi da sunansa, kuma tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Ke nan layin da ke wayar ɗan shekara 15 da sunan uba ko uwa yake, kuma duk abin da aka aikata da shi a kansu zai fara sauka. Manhajojin cacar ƙwallo, da masu ba da rance cikin minti biyar, da masu alkawarin ninka kuɗi irin su MMM da ya durƙushe a Disambar 2016 da CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, duk ta waya suke shiga gida. Kariya daga waɗannan ba ta buƙatar kuɗi. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba iyaye damar ƙayyade sa'o'in amfani da hana sauke abin da ba su amince da shi ba. Facebook da TikTok da Instagram su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin iyaka, ƙasar Ostareliya kuma ta ɗaga ta zuwa 16 da dokar da ta fara aiki a Disambar 2025. Ƙa'ida mai sauƙi irin ta cewa waya ba ta kwana a ɗakin yaro ta fi kowace manhaja tasiri, muddin an kafa ta tun ranar farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nauyin bai tsaya kan iyaye kaɗai ba. Gwamnatin da ke mayar da jarrabawa da rajista da biyan kuɗi kan intanet ba ta da hujjar ɗaukar ƙaramar babbar waya a matsayin kayan alatu. Afirka ta Kudu ta cire harajin alatu na kashi 9 cikin ɗari daga kan wayoyin da ba su wuce rand 2,500 ba tun daga Afrilun 2025, domin sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi. Ya dace Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastan su dubi harajin shigo da kaya da na VAT na kashi 7.5 da ke kan wayoyi masu sauƙin farashi, su auna abin da baitulmali zai rasa da abin da ƙasa za ta samu in ƙarin matasa suka sami hanyar karatu da sana'a. Hukumar NCC, wadda doka ta ɗora wa tantance kowane samfurin waya kafin a sayar da shi, ta ƙara ƙaimi wajen kawar da na jabu daga kasuwanni. Ita kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta tabbatar kowane shago mai ba da waya bashi yana rubuta jimillar kuɗi da kuɗin ruwa ɓaro-ɓaro kafin a sa hannu, da harshen da mai saye ke ji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya ma za su kare mutuncinsu in suka wajabta wa 'ya'yansu rubuta lambar IMEI a kan kowane rasiɗi.

Kafin hukumomi su motsa, magidanci na da abin da ke hannunsa. Ya zauna da yaron da takarda da alƙalami, su rubuta aikin da za a yi da wayar, da kuɗin sayenta, da na data na wata 36, da na riga da gilashi, da abin da za a ware domin gyara, sannan su raba su ga nawa ke faɗowa a kowane wata, su gwada shi da abin da ke shigowa gidan. Idan adadin ya shige, a shiga kasuwa da sanin abin da ake nema. Idan ya fi ƙarfin gida, a sayi ƙaramar waya a fara tari, babu abin kunya a ciki, domin wanda ya daka ta maƙwabci yakan rasa turmin daka tasa. Ko an saya ko an ɗage, yaron da aka zaunar aka yi wannan lissafi da shi ya tashi da darasin kasafin kuɗi da zai yi masa amfani bayan an manta da sunan wayar.